Ashe ba wabi nake yi ba

Na haifi 'yata ta fari a cikin sanyin Janairun 2012, a makon da ƙasar nan ta tsaya cak saboda yajin aikin cire tallafin man fetur. Wanda ya yi wayo a lokacin zai tuna. An kwana ana sayen lita naira 65, aka wayi gari ranar sabuwar shekara ta kai 140 har da ɗoriya, daga ranar 9 ga wata kuma kasuwanni da bankuna da tashoshin mota duk suka rufe. Ni ina gidanmu goyon ciki, maigidana yana can garin da yake aiki, babu motar da za ta kawo shi. Kwana biyu da fara yajin naƙuda ta tashi, Yayana ya samo motar maƙwabci aka kai ni asibitin gwamnati da ke garinmu.

Haihuwar ta zo da sauƙi, abin da ya biyo bayanta ne ya yi wuya. Jini ya ɓalle mini. Abin da nake iya tunawa kaɗan ne: sanyin ƙarfen gado, muryar Inna tana salati a bakin ƙofa, da wata nas da ke ta mari na a kumatu tana cewa kada in yi barci. Daga baya aka gaya mini an ƙara mini jini leda biyu, kuma an sha wahala kafin a samu, don an gwada Yaya da ƙannena biyu duk bai yi daidai ba. Mu a gida abin da muka ɗauka shi ne jinina "mai wuyar samu ne". Iyakar abin da muka sani ke nan. Muka gode wa Allah, muka gode wa bawan Allahn da ya ba da nasa.

Akwai wani abu da ya faru a kwana na uku wanda ban ɗauke shi komai ba sai bayan shekara bakwai. Likitoci sun gama zagayen safe, aka bar foldata a ƙarshen gado. Ni malamar firamare ce, ina da NCE, ina karanta Turanci daidai gwargwado. Na miƙa hannu na jawo ta, na buɗe shafin farko. Ban kai ga karanta layi biyu ba wata sista ta fizge ta daga hannuna.

"Ke! Wa ya ce ki buɗe? Ba a buɗe folda. Ta likita ce."

Na ce, "Yi haƙuri, Sista." Har kunya na ji, kamar an kama ni ina leƙa ɗakin surukai. Haka muka taso muka gani: mara lafiya yakan rungumi foldarsa daga wannan ɗaki zuwa wancan kamar wanda aka aika da saƙon wani, ba ya buɗewa, ba ya tambaya. Washegari aka sallame mu da jan maganin ƙarin jini da farasitamol. Na koma gida na shiga wankan jego da kunun kanwa, aka yi suna, na yi arba'in, na koma ɗakina.

A 2014 na haifi namiji, a gida, a garin maigidana. Awo na yi shi a ƙaramin asibitin unguwa, inda ake auna hawan jini da nauyi, a taɓa ciki, a ba ka magani. Ba wanda ya tambayi rukunin jinina, ni ma ban san akwai abin faɗa ba. Yaron ya faɗo da kukansa, kyakkyawa, mai cikar gashi. Kafin ya kwana ɗaya idonsa ya fara yin rawaya. Tsofaffi suka ce shawara ce, kowane jariri yana yi, a riƙa fito da shi hantsi, aka kawo jiƙe-jiƙe. A kwana na huɗu ya daina kama nono, ya riƙa wani kuka siriri mai tsini wanda har yau in na ji irinsa a asibiti sai ƙafafuna su yi sanyi, yana banƙarewa ta baya. Muna shirin fita da shi da asuba ya cika. Ko suna ba a yi ba.

A 2016 ciki ya kai wata takwas da 'yan kwanaki, motsi ya ɗauke. Na haife shi babu rai, jikinsa a kumbure.

Daga nan ne kalmar ta fara yawo. Ba a faɗa a gabana da farko, sai dai in shigo ɗaki a yi shiru. Wabi. Wance wabi take yi. Wata gwaggon maigidana ta zaunar da ni ta ce yaro ɗaya ne yake zuwa yana komawa, in Allah ya sake kawo rabo a kai shi kan juji a ajiye wata ta ɗauko, a kira shi Ajuji, in mace ce Ayashe, ko ya ji kunya ya zauna. Wasu suka ce iska ce ta aure ni. Na sha rubutu, na yi hayaƙi, na yi wanka da abubuwan da ban san sunansu ba. Ba na zargin kowa a cikinsu, da abin da suka sani suka so su taimake ni. Amma duk macen da aka taɓa kira da wannan suna ta san yadda yake ci. Kina zaune cikin mata ana barka, ki miƙa hannu za ki karɓi jariri, ki ga uwar ta ɗan yi jim kafin ta miƙo. Na daina zuwa barka. Na yarda da ƙaddara, ban taɓa jayayya da hukuncin Ubangiji ba, sai dai a can cikin raina na gama yarda cewa akwai wani mugun abu a jikina da ke cinye 'ya'yana.

A 2018 aka yi wa maigidana canjin wurin aiki zuwa Kano. Da na samu ciki a shekarar da ta biyo, ya ce wannan karon babban asibiti za mu, ko nawa ne. Likitar da ta gan ni mace ce, ba ta kai ni shekaru ba. Ta ce in ba ta labarin haihuwata tun daga ta fari. Ina kaiwa kan ƙarin jini da "mai wuyar samu" ta ajiye biro. Ina kaiwa kan yaron da ya yi rawaya tun ranar farko ta ce, "Hajiya, mene ne rukunin jininki?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "Bayan haihuwar farko an yi miki wata allura da ake kira anti-D?" Na ce an yi mini allurai da yawa, ban san sunan ko ɗaya ba.

Ta tura mu gwaji ni da maigidana. Da sakamako ya fito ta ɗauki takarda ta zana mini da hannunta, da Hausa, har na gane. Jinina O negatif ne, na maigidana fozitif. Akwai wani abu a jikin ƙwayoyin jini da ake kira Resus, yawancin mutane suna da shi, kaɗan ne ba su da shi, ina cikin kaɗan ɗin. In jariri ya gado na ubansa, a lokacin haihuwa ɗan jininsa yakan shiga na uwa, jikin uwa ya ɗauke shi baƙo, ya haɗa masa sojoji. Ɗan fari yakan tsira don kafin a gama haɗa sojojin ya riga ya fito. Na bayansa su ne ke gamuwa da su tun a ciki: su riƙa farfasa jinin jariri, ya rasa jini, ya yi shawara mai tsanani da ke taɓa ƙwaƙwalwa, ko ya kumbura ya mutu a ciki. Allurar anti-D tana hana jiki haɗa sojojin tun farko, in an yi ta cikin awa 72 da haihuwa. Ko an makara, har zuwa kwana goma akan yi ta da fatan ta yi wani amfani. Amma in jiki ya riga ya haɗa su, allurar ba ta da sauran aiki har abada. Gwajin ya nuna nawa ya riga ya haɗa, da yawa kuwa.

Ban yi kuka a gabanta ba. Na tambaye ta abu ɗaya: "Likita, su waɗanda suka karɓi haihuwata ta fari, sun sani?" Ta ce ba yadda za a yi a ƙara wa mutum jini ba a san rukuninsa ba. Ta ce ita ma tana son ganin abin da aka rubuta, musamman irin jinin da aka ƙara mini, don wanda aka taɓa yi wa ƙarin jini yakan iya haɗa wasu sojojin daban, kuma dole su tanadi jinin da ya dace da ni da jaririn kafin ranar haihuwa. Ta ce in zan iya, in samo mata rahoto daga can.

Katin asibitin yana wurin Inna. Ta fito da shi daga cikin wata tsohuwar kwalla da take ajiyar takardu, tare da katin zaɓenta da rasiɗin filin Baba, an naɗe su a leda. Ɗan kati ne ruwan hoda, bai kai tafin hannu ba, gefensa ya cinye, amma lambar tana nan raɗau. Ba don Inna mai adana abu ba ce, da labarin ya ƙare a nan, domin a ɗakin kati da lamba ake neman mutum, ba da suna ba.

Na je da cikina wata biyar. Ɗakin katin yana da 'yar taga mai ƙarfe, ta nan ake magana. Na gaida malamin da ke ciki, na miƙa kati, na ce ina son kwafin abin da ke cikin foldata ta 2012. Ya dube ni, ya dubi katin.

"Malama, likita za ki gani?"

"A'a, Malam. Takardun nake so in kai wa likitata a Kano."

"Ai ba a ba mara lafiya folda. Kayan asibiti ne."

Na ce ba foldar nake so in tafi da ita ba, hoto kawai za a ɗaukar mini, zan biya. Ya ce shi bai taɓa ganin an yi haka ba, in je wurin metiron. Metiron ta ce ba hurumin ta ba ne, in ga sakataren asibiti. Sakatare ba ya nan. Washegari yana nan, ya saurare ni har na gama, sannan ya yi tambayar da na lura ita ce a bakin kowa tun jiya: "Wani abu aka yi miki ne? Ƙara za ki kai?" Na rantse masa ba ƙara a raina. Ya ce to in dawo da maigidana. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni aka kwantar, jinina ne aka gwada." Ya ce haka tsarin yake. Na koma Kano hannu biyu, na yi kwana biyu ba na iya cin abinci.

Ɗiyar Yayana ce ta buɗe mini ido, tana karatun lauya a lokacin. Da na ba ta labari ta ce, "Gwaggo, ba alfarma kike roƙo ba fa." Ta nuna mini a wayarta wata takarda da ake kira kundin haƙƙoƙin marasa lafiya, wadda mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar a Abuja ranar 31 ga Yulin 2018. Hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya, wadda yanzu ake kira FCCPC, ita ta tsara ta tare da ma'aikatar lafiya ta tarayya. Haƙƙoƙi goma sha biyu ne. Na farko, a yi wa mara lafiya bayanin ciwonsa da maganinsa da abin da ka iya biyo baya, cikin harshe da yanayin da zai gane. Na biyu, ya samu cikakken bayanan da aka rubuta a kansa, sahihai, a kan lokaci. Na sa ta ta maimaita mini na biyun. Sannan ta buɗo Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, wadda Goodluck Jonathan ya sa wa hannu. Sashe na 23 ya wajabta wa ma'aikacin lafiya ya sanar da mutum halin da lafiyarsa ke ciki, da harshen da yake ji, tare da la'akari da zurfin karatunsa. Sashe na 25 ya ɗora wa shugaban kowane asibiti alhakin tabbatar da an rubuta bayanan kowane mara lafiya an kuma adana su. Sashe na 26 ya ce bayanan sirri ne, ba a ba wani sai da izinin mai su a rubuce, ko umarnin kotu, ko wasu 'yan dalilai da doka ta ambata.

Wannan na 26 ɗin ya tsaya mini a rai. Ashe maigidan da aka ce in zo da shi, shi ne ma ba shi da ikon ganin foldata sai na yarda. An juya abin ne kai a ƙasa. Kuma na fahimci tsoron ma'aikatan ta wani gefen, don da kishiya ko suruka za ta iya zuwa taga ta karɓi takardun mace, da an kashe aure da yawa. Kulle ɗakin daidai ne. Kuskuren shi ne a kulle shi har da mai ɗakin a waje.

Muka rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban asibitin, gajeriya: sunana, lambar kati, watan da aka kwantar da ni, abin da nake nema, da dalili. Muka ambaci kundin da sassan dokar, ba da zafi ba. Muka haɗa da hoton katin shaidata da 'yar takarda daga likitata. Ɗiyar tawa ta ce in yi kwafi biyu, in sa a buga mini hatimin karɓa a kan ɗaya in riƙe. Wannan hatimin ya yi aikin da roƙona na kwana biyu bai yi ba. Bayan mako uku aka kira ni. Na biya kuɗin rahoto a banki na kawo rasiɗi.

Malamin ɗakin katin nan, wanda ya fara kora ta, shi ya nemo foldar, kuma ina roƙa masa alheri har gobe. Ya bar ni na leƙa inda suke ajiye tsofaffin. Ɗaki ne guda cike har rufi, an ɗaɗɗaure su da igiya shekara-shekara, na ƙasa ruwa ya taɓa, wasu gara ta ci gefensu. Ya ce kwana biyu ya yi yana sauke ɗauri yana atishawa. Duk ɗaurin nan rayuwar mutane ce, kuma ɗigar rufi ɗaya ta isa ta shafe su. Ya riƙe foldar da kansa muka je shagon hoto da ke bakin ƙofa, aka ɗauki shafi goma sha ɗaya.

A gindin wata bishiyar darbejiya da ke harabar asibitin na zauna na karanta. Rubutun likita da wuyar karatu, amma wannan ya fito. A saman shafin farko, wanda na buɗe a 2012, an rubuta rukunin jinina da jan biro, an zagaye shi. Jinin da aka ƙara mini leda biyu duk O negatif ne, sun yi daidai. An gwada jaririyar, fozitif ce. A ƙasa likitan da ya duba ni ya rubuta a yi mini anti-D cikin awa 72, kuma a yi wa mara lafiya da danginta bayani kafin sallama. A takardar ba da magani, a gaban sunan allurar, an sa alamar babu a asibiti, an ba dangi su sayo. Washegari an sake rubuta ba a kawo ba. Daga nan sai sallama. Layin da ya ce a yi mini bayani ba wanda ya sa hannu a gabansa.

Likitan ya san aikinsa, ya rubuta abin da ya kamata. Ilimin da zai tsare mini 'ya'ya biyu, da izinin Allah, ya kwana uku a ƙarshen gadona, tazarar hannu ɗaya, da sunana a bangonsa. Na ma buɗe shi. An janye yajin aikin ranar 16 ga wata, ban cika kwana goma da haihuwa ba. Da na karanta layin nan, da na sayar da 'yan kunnena an je har Kano an nemo ta. Ko ba a samu ba, da na shiga ciki na biyu da sanin abin da ke jikina, da na haihu a babban asibiti, da yaron nan yana yin rawaya an sa shi a ƙarƙashin fitila an canja masa jini. Na san rai da ajali na Allah ne. Amma Shi ne ya ce a nemi magani, kuma ba ka neman maganin abin da aka ɓoye maka.

Na daɗe kafin na tambayi Yaya. Ya tuna. Ya ce an ba shi 'yar takarda da sunan magani ɗaya, ya zaga kemis uku a ƙafa, biyu a rufe, na ukun ya ce ba ya ajiye ta don tana da tsada kuma sai a firji. Ya dawo ya gaya wa nas ɗin da ke aiki, ta ce to, in an samu daga baya a kawo. Shi ya zaci irin maganin ƙarin ƙarfi ne. Da na yi masa bayanin ko mece ce, ya sunkuyar da kai ya daɗe bai ɗago ba, sannan ya ce, "Da an gaya mini." Na ce, "Yaya, ni ma da an gaya mini." Ba mu sake tayar da maganar ba.

Cikin nan na 2019 an bi shi kamar ana bin ƙwai. Tun daga wata na biyar ake yi mini sikanin duk mako biyu, ana auna gudun jini a kan jaririn don a gane ko jininsa yana raguwa. A mako na 35 suka ce ba za a ƙara jira ba, aka yi mini aiki. Jinin da za a buƙata an riga an tanade shi. Namiji ne. Sau biyu aka canja masa jini ta cibiya, ya yi kwanaki a ƙarƙashin shuɗiyar fitila da 'yar ƙyalle a idonsa, ina zaune a gefe ina matsa nono a kofi. Yanzu yana firamare. Gwaggon maigidana ta zo suna ta kawo maganar juji, na zaunar da ita na zana mata abin da likita ta zana mini. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Ikon Allah. Ashe a jini yake." Ta lissafa mini mata biyu a danginsu da aka yi wa laƙabin wabi har suka tsufa.

Tun daga lokacin ina da jaka ta musamman. Duk gwajin da aka yi mini ko yarana, ina ɗaukar hotonsa a waya kafin a sa a folda, duk sallama ina neman a rubuta mini abin da aka gani da abin da aka yi. Wasu ma'aikatan suna ba ni da fara'a, wasu sai na ce, cikin ladabi, haƙƙina ne. A 2023 an ƙara da dokar kare bayanan jama'a, wadda ta ba kowa ikon neman kwafin bayanan da wata hukuma ko kamfani ke riƙe da su a kansa, ta kuma sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar tsaro na musamman. Dokoki dai ga su nan. Abin da ke damuna shi ne matan da muke zama layin awo tare, waɗanda ba su da ɗiyar yaya mai karatun lauya, ba su karanta boko, kuma an riga an koya musu cewa tambayar likita rashin kunya ce. In na zauna kusa da mai cikin fari nakan tambaye ta ko ta san rukunin jininta. Mafi yawa sai su ce an dai ɗiba.

Na sa duk ƙannena mata sun yi gwajin. Autarmu ta fito O negatif irina. Da ta zo haihuwar fari bara, na sayi allurar tun cikinta yana wata bakwai aka yi mata ta farko, ta biyun muka ajiye a firjin kemis da sunanta a jiki. Ta haihu da daddare. Da safe sakamakon jaririn ya fito fozitif, na je na karɓo ta cikin kula da ƙanƙara, na tsaya a kan nas har ta yi mata. Na roƙe ta ta rubuta sunan allurar da rana da lokaci a folda, ta kuma rubuta a bayan katin da za mu tafi da shi gida. Ta rubuta. Sannan na ɗauko foldar daga ƙarshen gado na ɗora wa ƙanwata a cinya, na ce ta buɗe ta karanta da kanta.